Huɗar Bitrus a Tsibirin Korisko

A shekarar da aka yi ƙidayar jama'a, aka tsare kowa a gida har sai masu ƙidaya sun dangwala masa tawada a yatsa, a shekarar nan na ga teku da idona. Tawadar ma ba ta gama gogewa daga farcena ba na tsinci kaina a bakin ruwan Oron, can ƙarshen kudu, da buhu ɗaya na busasshiyar citta, da buta, da buzun salla.

Abin da ya kai ni shi ne maganar wata tsohuwa, Mama Saraya ta Madakiya, wani ƙauye kusa da Kafanchan. Ɗanta Bitrus ya daɗe yana aiki tare da ni a rumfar citta a kasuwar Kafanchan, shi ke tsaga, shi ke shanya, ni ina awo. Lokacin rikicin da aka yi a garin, shekara huɗu kafin wannan tafiya, Bitrus ne ya kwashe Innata da 'ya'yana biyu ya kai su gidansu. Mama Saraya ta ba Inna ɗakinta, ta kuma aika aka sayo sabuwar tukunya wadda ba a taɓa dafa kome a ciki ba, don kada Inna ta ci abinci da shakka a zuciya. Suna can har ƙura ta lafa. Bayan haka kasuwa ta mutu, Bitrus ya bi wasu samari zuwa Gabon neman aiki. Sau ɗaya wani ɗan kasuwa ya kawo labarin cewa an gan shi a tsibiran da ke kusa da can, daga nan shiru.

Ranar wata kasuwa tsohuwar ta zo rumfata tana dogara sanda. Na ba ta kujera, ta ƙi zama. Idanunta sun fara yin hazo, jikinta duk ya zube.

Ta ce, "Malam Idi, ni na ɓoye maka mamanka. Kai ka nemo mini yarona kafin in mutu."

Na ce to.

A Oron na sami jirgin katako mai inji, wanda ke kai mutane Gabon ba tare da takarda ba. Mai jirgin mutum ne mai fara'a, ya dafa kafaɗata yana ce mini Alhaji, ya rantse da Allah cewa har bakin kasuwar Libarbil, babban birnin Gabon, zai sauke mu. Aka cusa mu tsakanin jarkokin mai da buhunan gari, maza da mata da jarirai. Ni mutumin tudu ne, babban ruwan da na sani shi ne Matsirga, mai zubowa daga kan dutse kusa da garinmu, shi ma daga nesa nake kallonsa. Da ƙasa ta ɓace mana, amai ya taso mini, haka na kusa da ni. Sai na kwance bakin buhu na rarraba citta, kowa ya sa a kunci yana tsotsa. Wata Inyamura mai goyo, da amai ya tsaya mata, ta ɓare biredinta ta ba ni rabi. Salla kuwa a zaune nake yinta, ina ɗibar ruwan gishiri da buta, alƙibla sai dai in kintata da rana.

Bayan 'yan kwanaki, wata safiya da hazo, mai jirgin ya matsa kusa da wani tudu mai itatuwa ya ce mun iso, mu yi maza mu sauka kafin jandarmomi su zo, gari yana bayan itatuwan. Muka dira cikin ruwa har ƙugu da kaya a ka. Kafin mu taka busasshiyar ƙasa ya juya. Da muka kutsa cikin itatuwan, muka tarar da manyan gine-ginen Turawa na da, rufi ya faɗi, saiwoyi sun ratsa tagogi sun rungume bango. Babu mutum ko ɗaya. Muka ci gaba da tafiya kaɗan sai ga ruwa kuma a gabanmu. Tsibiri ne, ƙarami, wanda za ka zagaye shi tsakanin azahar da la'asar.

Mata suka yi kuka, maza suka yi zagi. Ni dai na shimfiɗa buzu.

Da rana ta ɗaga sai ga wani dattijo a kwalekwale mai ƙaramin inji. Sunansa Papa Tomas. Ya taɓa aiki a gonakin koko na tsibirin Panya tare da mutanen Kalaba, saboda haka yana jin turancin buroka, ni ma na tsinci nawa a wajen ma'aikatan jirgin ƙasa a Kafanchan. Ya ce wannan tsibirin Elobi Ƙarama ne, kuma ba mu ne farkon waɗanda aka zubar a nan ba. Ya yi ta jigilar mutane zuwa gaɓar babbar ƙasa har yamma, bai tambayi kowa kome ba sai wanda ya ba shi don kansa. Da aka zo kaina na ce ni ba Gabon nake nema ba, mutum nake nema, na faɗa masa suna da kamanni. Ya girgiza kai, bai san wani Bitrus ba. Amma ya ce sana'arsa ita ce bin tsibirai yana sayen busasshen kifi, in zan iya kwashe ruwa daga cikin kwalekwale, in zo mu tafi, in yi tambayata da bakina.

Haka na zama mai kwasar ruwa, da rabin jarka a hannu.

Muka fara da Elobi Babba, inda akwai 'yan gidaje na katako da rufin ganye. Ba wanda ya san Bitrus. Wata mata, da ta ga ina salla a bakin ruwa, ta hana yara wucewa ta gabana, bayan na idar ta kawo mini gasasshen kifi da rogo da aka kirɓa aka naɗe a ganye. Yana da tsami, yana da danƙo, na ci don yunwa, daga baya na zo ina marmarinsa. Na ba ta citta cike da hannu biyu, ta shinshina ta yi dariya ta kira maƙwabciyarta. Daga nan muka bi wasu ƙananan tsibirai, wani ma ba kowa a kansa sai tsuntsaye da rumfar masunta guda. Ko'ina amsa ɗaya ce. A kwanakin nan ne kewar gida ta kama ni sosai. Abin mamaki, ba tuwo na fi tunawa ba, kukan jirgin ƙasa ne in yana shigowa tasha daga kudu, da muryar ladaninmu wadda a gida nake cewa ta yi kaushi.

Papa Tomas ya ce saura babban tsibiri ɗaya, Korisko, can cikin teku. In ba ya nan, to, sai in koma in faɗa wa tsohuwa gaskiya.

Muka tashi da hantsi. Ruwan da ke kusa da bakin kogi jaja-jaja ne kamar kunun kanwa, amma da muka yi nisa ya koma kore, sannan ya koma shuɗi irin na baba mai kyau da ya sha bugu. Ina sunkuye ina kwasar ruwa sai na ji wani huci a gefena, kamar saniya ta fesar da numfashi. Na ɗaga kai na ga baƙin bayan wani abu ya yanko ruwa, ga wani, ga wani, sun fi tsawon mutum. Na taɓa jin labarin kifin da ke cin mutane. Na saki jarka, na riƙe gefen kwalekwale, na fara kalmar shahada da ƙarfi.

Papa Tomas ya yi dariya har ya saki inji. Ya ce in buɗe ido, waɗannan abokai ne. Daga baya na ji 'yan boko suna kiransu dolfin.

Na buɗe ido, kuma har yau ina gode wa Allah da na buɗe. Suka jeru a gaban kwalekwalen suna tsere da mu, su nutse tare su taso tare, kamar 'yan gayya da suka sami mai kiɗa. Fatarsu sumul, toka-toka, ciki fari. Kowanne yana da ƙofa a tsakar ka, da ita yake shaƙar iska. Ɗaya ya yi tsalle ya fito gaba ɗaya, ya juya a sama, ya faɗa ya watsa mini ruwa a fuska. Akwai uwa da ɗanta manne a gefenta, duk inda ta karkata ya karkata. Ta zo dab da inda nake, ta kwanta a gefe ɗaya, ta dube ni da ido guda. Na sha yanka dabba, na san kallon dabba. Wannan kallon na mai tambaya ne.

Papa Tomas ya ce suna shayar da 'ya'yansu nono, kuma masunta ba sa taɓa su, domin inda suka taru nan kifi yake. Na yi ta juya abin a raina: ga shi a ruwa yake kwana, amma numfashinsa irin namu. Duk karatun da na yi a zauren mahaifina ban ci karo da shi ba. Na yi tasbihi, na ɗauki jarkata, ruwa ya riga ya kai mini idon sawu.

Yashin Korisko fari ne har yana kashe ido, yana kuma ƙara a ƙarƙashin ƙafa. Muka bi ƙauyukan bakin ruwa muna tambaya. Ba Bitrus. Wani ya ce akwai baƙi kam, amma bai san sunan nan ba. Na bar Papa Tomas yana cinikin kifi, na bi wata 'yar hanya cikin daji ina neman ruwan daɗi in wanke gishirin jikina, ina tunanin da wace fuska zan shiga Madakiya.

Gonakin mutanen tsibiri na riga na saba ganinsu. Su sare daji su ƙone, su soka itacen rogo nan da can tsakanin kututture, shi ke nan. Ina cikin wuce irinsu sai na tsaya cik. A gabana ga wata 'yar gona an yi mata huɗa, kunyoyi masu tsayi har gwiwa, miƙaƙƙu, an juye ciyawa an binne ta a ciki, an kuma toshe bakin kowane kwari don ruwan sama ya tsaya. An dasa dankali a kai, gwaza a gefe. Babu masuncin da zai yi wannan wahala a kan yashi. Wannan aikin wanda aka haifa da garma ne a hannu, kuma na san ƙauyen da ake toshe bakin kwari haka. A gindin wata bishiya na ga garmar kanta, an ƙera ta da guntun ƙarfen tanki, ƙotar kuwa an lanƙwasa ta irin tamu.

Na zauna a inuwa na jira. Can bayan la'asar sai ga mutum ya fito daga wajen teku, baƙi wuluk, gashi ya yi ja, da igiyar kifi a kafaɗa da wani tabarau a goshi. Ya dube ni, ya ajiye kifin a hankali.

Ya ce, "Malam, wa ya mutu?"

Na ce ba wanda ya mutu tukuna.

Muka zauna. Na ce na yi ta yawo da sunansa tsibiri tsibiri ba wanda ya sani. Ya ce ai nan ba mai kiransa Bitrus, Ausa suke ce masa. Ya ce a gida an yi faɗa a kan wane ne Hausa wane ne ba Hausa ba, ga shi ya ƙetare teku an naɗa masa rawanin ba shawara. Muka yi dariya har na share hawaye. Shi ma mai jirgi ne ya zubar da shi, masunta suka tsince shi, suka koya masa nutso. Yanzu da kibiyar ƙarfe yake harbin kifi a ƙarƙashin ruwa, wani lokaci kuma ya ɗauki Turawan da ke zuwa daga Libarbil ya kai su kallon kifi. Su ne suka bar masa tabarau ɗin.

Na faɗa masa saƙon uwarsa. Ya ce ba zai iya komawa ba. Waɗanda suka tafi tare da shi wasu sun aika da kwanon rufi, wani har da babur. Shi in ya shiga Madakiya, 'yan'uwan babansa za su taru su tambaye shi me ya kawo, ba shi da kome sai wando biyu. Na ce tsohuwa ba kwano ta aiko ni nema ba. Ya ce ya sani, amma ba ita kaɗai ce a garin ba.

Kwana biyu ina lallashinsa. A rana ta uku da safe ya ce, "Abin da na samu a nan yana cikin ruwa. In na faɗa a gida za su ce Bitrus ya sha burkutu. Amma kai Malam, ba a taɓa kama ka da ƙarya a awo ba. Ka shiga ka gani da idonka, ka faɗa musu. In ka shiga, zan bi ka."

Na ce masa ni ko a Matsirga ban taɓa wuce idon sawu ba. Ya ce ya sani, shi ya sa maganar za ta yi nauyi.

Papa Tomas ya kai mu wajen wasu duwatsu da ke bayan tsibirin, inda ruwa yake kwance. Na tuɓe riga na bar dogon wando. Bitrus ya tofa yawu a gilashin tabarau ya goge ya ɗauraye, ya ce haka ake yi don kada ya yi hazo, na ce to, Allah Ya sa yawun mai albarka ne. Tabarau ɗin ya rufe mini ido da hanci. Ya sa mini wani lanƙwasasshen bututu a baki, ya ce in cije, in yi numfashi ta nan kawai. Ya ɗaura mini jarka biyu marasa kome a ƙirji, ya riƙe hannuna. Na yi bismilla na zame.

Farko ruwa ya shiga bututun, na sha, na taso ina tari ina kama wuyansa. Papa Tomas yana ta ba da shawara daga sama cikin yarensu. Bitrus ya ce in daina faɗa da ruwa, in kwanta kamar gawa. Na kwanta, na sa fuska.

Duk hayaniyar duniya ta ɗauke, sai ƙarar numfashina da wani ƙas-ƙas kamar ana soya gyaɗa a nesa. Ƙasa tana can a fili, hasken rana yana yawo a kanta kamar raga. Duwatsun da daga sama baƙaƙe ne, a ƙasa sun yi ado da wasu tsirrai ja da rawaya masu kama da mafici, suna kaɗawa a hankali. Ƙananan kifaye farare, dubbai, suka zo kamar gajimare, suka rabu biyu suka ba mu hanya, suka haɗe a bayanmu. Wani kifi kore da shuɗi mai baki kamar na aku yana gwaguyar dutse. Wani kuma ya tsaya a gabana, jikinsa fari da baƙin zane, da ɗigo ja da rawaya a sama da ƙasa, daidai yadda mahaifina ke sa wasali in ya gama rubuta shafi. Na so in ce subhanallahi, bututu ya hana, na faɗa a zuci.

Bitrus ya ja ni gaba zuwa wani fili mai ciyawa, shimfiɗe kamar fadama. A tsakiyarsa ga kunkuru, faɗinsa ya kai faifai uku, yana kiwo abinsa, yana tsinkar ciyawa kamar tunkiya. Da ya ƙoshi ya buɗe hannuwa ya taso sama kamar tsuntsu, ya shaƙi iska kusa da mu, ya koma. Sai Bitrus ya sake ni, ya nuna mini in tsaya. Ya tanƙwara ya nutse, ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, har ya zama ƙarami, yana tafiya a cikin kifayen nan ba mai gudunsa. Yaron da na sani yana tsaga citta a bayan rumfa. Na ƙirga numfashina har na gaji kafin ya taso, da katantanwa a hannu.

Muka hau kwalekwale. Bitrus ya ce, "Malam, ka gani?" Na ce na gani.

Bitrus ya bar wa Papa Tomas gonar da abin da ke cikinta, ni kuma na bar masa ragowar citta. Dattijon ya ce dankalin zai ci, amma kada mu sa ran zai yi wannan aikin jakai na tara ƙasa. Ta tudu muka komo, ta Kamaru, mota bayan mota, da shingayen jandarmomi waɗanda ba na son tunawa.

Mun shiga Madakiya ana shirin saukar damina. Mama Saraya tana kwance a tabarma a ƙofar ɗaki, idon ya tafi gaba ɗaya. Bitrus ya durƙusa. Ta laluba fuskarsa, ta kama tafin hannunsa ta murza, ta ji kantar garma tana nan, ta ce shi ne. Ta yi addu'a mai tsawo cikin yarensu, na ji sunan Yesu, na ji nawa.

Kamar yadda ya faɗa, kafin yamma dangi sun cika gidan, wani kawunsa ya tambaya ina kayan. Sai na gyara zama na ba su labari tun daga Elobi, da masu ƙofa a tsakar ka, da fadamar da ke ƙarƙashin teku, da kunkurun da ke kiwo, da yadda ɗansu ke shiga inda tsawon mutum biyar ba zai taɓo ba. Kawun ya ce da wani ne ya faɗa da ya tashi ya tafi. Ya sa na maimaita na kunkurun. Yara suka karɓi tabarau suna leƙa cikin randa.

Da zan tafi tsohuwa ta sa aka shiga ɗaki aka ɗauko wani abu daga ƙarƙashin gado, naɗe da tsumma. Tukunyar nan ce. Ta ce tun ranar da Inna ta bar gidan ba a sake ɗora ta a wuta ba.

Ta ce, "Na ajiye shi ne don in ka manta in aika maka. Yanzu ba na binka kome. Kai wa mamanka."

Na rungume tukunyar a cinya a cikin motar Kafanchan, ina kare ta daga buhunan mutane har tasha. Da daren nan Inna ta dafa mana faten acca a cikinta.